Guduma da Hujin da Ya Raina

Ƙanena, wanda kowa ke kira Guduma, shekara talatin ya yi yana rushe gini. Duk abin da ya gagare shi, duka yake sa masa: bango, ƙofa, rediyo, har haƙoran wani direba da ya watsa masa ruwan kwata. Ni na goya shi. Tun a bayana yake naushi.

Da ƙafafunsa suka fara mutuwa, su ma dukansu ya yi. Na same shi zaune yana jibgar cinyoyinsa da ƙotar guduma, wai su farka. Ya sa wani ƙaton abokin aikinsa ya hau bayansa ya tattake. Wata takwas ana wannan hauka, har fitsari ya fara ƙwace masa. Ranar da ya jefi matarsa da kujera saboda ta ga wandonsa a jiƙe, na sa aka ciccibe shi kamar buhu sai asibiti.

Likitar, wata 'yar firit, ta nuna mana hoton bayansa. Ta ce jijiyoyin jini biyu ne suka haɗe inda bai kamata ba, jini na komawa da ƙarfi yana kumbura masa lakar ƙashin baya. In aka bari, shi da tafiya har abada. Za su huda matsematsinsa, su zura siririyar roba ta cikin jijiya har wurin, su toshe da wani irin gam.

"Gam?" in ji shi. "Takalmi ne ni? Bututu in ya fashe cikin bango, bangon ake fasawa. Ki tsaga ni kawai!"

Daga kan keken marasa lafiya ya miƙa hannu ya caƙumi rigarta. Na kwashe shi da marin da sai da hularsa ta faɗi.

"Sake ta, shashasha! Bango nawa ka fasa? Wanne ka taɓa gyarawa?"

Aka yi aikin. Aka ce ya kwanta a miƙe awa shida, kada ya lanƙwasa ƙafar. Yana farkawa ya shafa bayansa. Ba ɗinki, ba ciwo.

"Yaya, sun yaudare mu. Ko taɓa ni ba su yi ba."

Kafin in buɗe baki ya yunƙura ya zauna, ya fizge bandejin da ke matsematsinsa. Jini ya yi tsartuwa har fuskata. Na dunƙule hannu na danne wurin, na hau da duk ɗan nauyina. Yana ihu yana dukan kafaɗata, ni kuma ina ce masa, "Doki, ɗan nema, doki! Ga aikin da ba a yi ba yana wanke mini ido!" Sai da nas uku suka zo kafin aka karɓe ni.

Bayan wata huɗu ya miƙe. Fitsari ya riƙu, ƙafar dama ta dawo. Ta hagu kuwa janta yake yi, likita ta ce wata takwas ɗin nan ne suka cinye ta. Kan gudumar ya cire ya yar, ƙotar yake dogarawa.

Jiya da ƙafarsa ya tako har ƙofata, yana haki, yana mitar wai tabon ko cizon sauro ya fi shi. Na ce ya zauna. Ya ce a'a, tsayuwar yake so.