Ba Mokolon Bayan Gidanmu Ba

Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda suka samu aiki a bangon ofishin lafiya, layi ɗaya kawai na karanta: sunana, a gabansa Mokolo. Ban ɗaga kai na duba abin da aka rubuta a saman takardar ba. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na kama hanyar gida da gudu.

Duk wanda aka haifa a unguwarmu ta Briqueterie Mokolo ɗaya ya sani, kasuwar da muke zuwa sayen gwanjo da attarugu. Daga ƙofar gidanmu, in ka zuba shayi ka tafi, za ka isa bai huce ba.

Na tarar da Inna a bakin kasko tana tuyar ƙosai, ta ɗora ƙafarta ta hagu a kan kujera 'yar tsugunno. Ciwon suga gare ta, shi ya sa ma na shiga makarantar masu taimakon jinya. A daminar shekarar wani tsohon kwanon rufi da ruwa ya kwaso ya yanke ta a ƙarƙashin babban yatsa. Wata huɗu ina wanke ciwon kowace safiya, yana rufewa a hankali.

"Mokolo?" in ji ta. "Wannan ta bayanmu?"

"Ita, Inna."

"To Dokta, abincin rana daga nan za a kai miki da zafinsa. Kada ki koyi cin burodi da sardin irin na 'yan ofis."

Ƙosan ranar ba ta sayar ba, sadaka ta yi da shi.

Bayan kwana uku na je karɓar takardar kama aiki. Mutumin da ke buga hatimi ya tambaye ni da Faransanci ko ina da dangi a Marwa. Na ce me zan yi da Marwa? Ya dube ni, ya juyo da takardar, ya ɗora kan biro a samanta. An rubuta: Yankin Arewa Mai Nisa. Ashe akwai wata Mokolon a can ƙarshen ƙasa, cikin duwatsu, tafiyar kwana uku. Ni kuma ba cikinta ma aka tura ni ba, wani ƙaramin gari ne da ke samanta.

Sai da safe, ina wanke ciwon, na faɗa wa Inna, don kada in ga fuskarta.

"Akwai masallaci?" in ji ta.

"Akwai."

"Albashin ɗaya ne da na nan?"

"Ɗaya ne."

"To me kike wa kuka? Ƙafa kika bari, ba jariri ba."

Goggo, ƙanwar mahaifina, ɗakinta na jikin namu tun rasuwarsa. Ita na koya wa aikin: a tafasa ruwa da gishiri, a bar shi ya huce, a wanke daga ciki zuwa waje, a rufe da bandeji mai tsabta. Na bar mata tsohuwar wayata, na ce kullum kafin ta rufe ciwon ta ɗauke shi hoto ta aiko mini. Ta ce ita da ta yi wa 'ya'ya shida wankan cibi, yatsa ne zai gagare ta?

Jirgin ƙasa ya kai ni Ngaundere, mota ta kai ni Garwa, wata ta kai ni Marwa, wata Mokolo. Daga nan sai moto, wato babur, akwatina a kan tanki, muna hawa muna hawa har kunnuwana suka toshe.

Garin ɗan kaɗan ne, gidaje a maƙale tsakanin duwatsu, gonakin gero hawa-hawa an tokare su da tsakuwa. A saman ɗakin da aka ba ni akwai wani dutse da ya kai masallacin layinmu girma, yana zaune a kan wani ƙarami kamar an ajiye shi za a dawo a ɗauka. Har na bar garin ban saba da shi ba. Asibitin ɗaki huɗu ne, mu uku: majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, da ungozoma, da ni. Na ɗauka tunda Arewa zan je, Hausa za ta ɗauke ni. Marasa lafiya yaren Mafa suke ji, wasu Fillanci. In na yi bayanin magani sai su gyaɗa kai, ban san ko sun gane ba. Wata rana aka sauko da wani tsoho a kan ƙyauren ɗaki, ƙafarsa ta yi baƙi har idon sawu. Warin ya riga su shigowa. Muka ɗora shi a moto zuwa babban asibiti. Ina wanke hannu ina gode wa Allah da na Inna ba haka yake ba.

Waya ba ta kamawa a garin sai a kan wani falalen dutse bayan asibitin, inda awaki ke shan rana. Kullum bayan la'asar nakan hau, in ɗaga wayar sama, in jira. Hoton ya shigo: ƙafar Inna a kan tabarma, gefen zaninta, ciwon ja-ja, tsaf. Yau zani mai ganye, gobe shuɗi, jibi na bikin 'yar maƙwabta. Har majo na nuna wa, ya ce mai wankin nan ta iya. In na kira, Inna ta ce, "Dokta, an ci abinci? Ƙafa tana gaishe ki."

A sati na bakwai, hoton ya ƙi shigowa da wuri, sai na koma ina duba na baya don in kashe lokaci. A gefen tabarmar, kusa da diddigenta, na ga tsinken ashana ƙonanne. Na duba na jiya, yana nan. Na shekaranjiya, yana nan, kansa na kallon wuri ɗaya. Na koma har na farko. Goggo kuwa ba ta barin gari ya waye ba ta kakkaɓe tabarmar nan ba. Sai a lokacin na dubi ciwon da kyau. Bai ragu ba, bai ƙaru ba. Ni da na yi makaranta, na san babu ciwon da ke tsayawa cak sati bakwai. Kullum ina kallonsa, ban gani ba, don abin da nake so in gani ke nan.

Na kira Goggo.

"Goggo, hoton jiya yaushe aka ɗauke shi?"

Na ji tana jan numfashi. "Ki tambayi uwarki."

"Ke nake tambaya."

"Ranar da kika tafi. Muna dawowa daga tasha ta sa na sauko da akwatin zannuwanta. Ta ɗaura wannan in ɗauka, ta sauya in ɗauka. Da suka ƙare na aro na maƙwabta. Ta ce kafin hotunan su ƙare ya warke, in kuma ya ɗan ɓaci kika gani, aikin za ki bari ki taho."

"Kina wanke mata?"

"Da fari. Sai ta ce hannuna zafi, ba kamar naki ba. Wani mai magani ya ba ta gari tana barbaɗawa. Kuma tuya ba ta fasa ba."

"Yanzu yaya yake?"

"'Yar nan, ba na iya kallonsa."

Ban san yadda na sauko daga dutsen ba. Majo ya ce in bari a gama rigakafin ranar kasuwa, kwana biyu, don mutane daga ƙauyuka bakwai za su sauko kuma hannu bai isa ba. Gaskiyarsa ce. Ban yi musu ba. Har yau ina lissafa kwana biyun nan, in haɗa su da ukun hanya, in cire, in mayar.

Na isa gida da azahar. Tun daga zaure na gane warin.

A asibitin da muka kai ta, likitan ya kwance tsumman, ya tambayi wa ke kula da ita. Goggo ta nuna ni, har da ɗan alfahari, ta ce ai 'yarta ma'aikaciyar asibiti ce. Ya dube ni, ya miƙo takardar izinin tiyata. Ni kaɗai ce mai karanta Faransanci a cikinmu, don haka ni na sa hannu a takardar. A ƙarƙashin gwiwa suka yanke.

Yau kwana goma sha biyu da yin aikin. Mun dawo gida. Ni nake wanke dungun kowace safiya. In an buɗe ƙofa da ƙarfi sai in zabura. Kaskon yana kife a bayan ɗaki, masu sayen ƙosai sun daina leƙowa. Hutuna zai ƙare ranar Litinin. Majo ya kira ya ce in ban koma ba za a rubuta na gudu daga aiki, kuma allurar sugar Inna yanzu ba ta da wata hanya sai albashina.

"Ki koma," in ji Inna shekaranjiya.

"Wa zai wanke miki?"

"Goggonki. Yanzu ba ni da ƙafar gudun hannunta."

Na ci gaba da naɗe bandejin.

"Kada ki damu, Dokta," ta ce. "Kullum za mu aiko miki da hoto."

Goggo ta yi dariya, Inna ma ta yi. Na sayi tikitin jirgin, yana cikin jakata. Jiya da hantsi na shigo na tarar Goggo ta sauko da akwatin zannuwan. Ta ce wai sun yi sanyi ne, shanya su za ta yi.