Kurkunun Ƙarshen Hutu

Hutun damina na shekarar da nake aji bakwai shi ne hutun da na fi tsana a rayuwata. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. 'Yar tutar nan mai kore da fari da aka rarraba mana tana nan soke a jinkar ɗakin kakata, hayaƙi ya fara cinye ta. Ƙauyenmu yana kusa da Kebbe, makarantarmu ta kwana kuwa tana Sakkwato. In hutu ya ƙare, motar En'e, wato hukumar gargajiya, takan zo Tambuwal rana ɗaya tak ta kwashi 'yan makarantar yankinmu. Kafin mu taho gida hedimasta ya ja mana kunne: da mun koma za a yi jarrabawar shiga sakandare, duk wanda bai biyo motar ba ya nemi fartanyarsa. Ni kuwa na san fartanya sarai, sanin da na yi mata ne ya sa nake gudunta.

Ana saura 'yan kwanaki hutu ya ƙare, sai wani ƙurji ya fito mini a idon sawun dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kakata ta duba, ta taɓe baki.

"Kurkunu na," in ji ta. "Baƙon damina ya sauka gidan angona."

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sanar da su. Tsutsa ce fara, doguwa, siririya, ana samunta daga ruwan tafki. Sai ta shekara a jikin mutum shiru, sannan ta huda fata daidai lokacin da gona ta fi bukatarsa. A shekarar nan ta kwantar da rabin ƙauyenmu. Ciyawa ta shaƙe gero, masu gonakin suna kwance a zaure suna kallo. Mahaifina ma yana da nasa a ƙasan gwiwa, yana ɗingishi da sanda.

Maganinta ɗaya ne. In ta leƙo da kai, sai a naɗe shi a jikin ɗan guntun kara, kullum a jiƙa wurin da ruwa, a murza karan kaɗan, a ɗaure da tsumma. Wata rana ta ba da ɗan tsawo, wata rana ta hana. In aka yi gaggawa ta tsinke, sauran ya koma ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce ke nan. Kakata ce take murza nawa kowace hantsi, kuma ban taɓa ganin hannu mai nawa irin nata ba.

"Kaka, don Allah ki ƙara ja kaɗan."

"In ja? Bokon naku ba a koya muku haƙuri? Abin ga shi ka fitowa don kainai, ba a ja nai."

"Mota za ta tafi ta bar ni!"

"Ta tafi mana. Ka zamna nan ka yi min noma, ai dama mijin da ba ya gida ba miji ba na."

Wasa take yi, irin na kaka da jika, amma ranar ban yi dariya ba. Kuka na yi, da girmana.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗauki sanda na ce zan koya wa ƙafar tafiya, ban kai bakin rijiya ba na zube, yara suka taru a kaina. Na aika wa ɗan mai unguwa, mai keke ɗaya tilo a garin, ya ce laka ta cinye hanya, shi ma tura keken yake yi. Muna da jaki, amma sai an sami wanda zai ja shi ya kuma dawo da shi. Wa za a samu? Wanda ba ya kwance yana gona tun asuba, yana kokawa da ciyawar da ta riga ta fi ƙarfinsa. Abinci ya daina shiga bakina. Sai in jawo akwatin kwanona, in buɗe, in dubi wandon kakina a ninke, in rufe. Na yi addu'a har na rasa me zan ƙara faɗa wa Allah. Ina ji ina gani, shekaru bakwai na karatu za su ƙare a kan wata tsutsa.

Mahaifina bai ce komai ba. Ni ne ɗan fari, kuma a wajenmu uba yana kunyar ɗan fari: bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa wani ina zaune a wurin. Ranar da dagaci ya zaɓe ni aka kai ni boko ma shiru ya yi. Saboda haka da na ga yana wucewa ta gefen tabarmata da sandarsa ko waiwaye babu, sai na yanke a raina cewa murna yake yi, ya sami ɗan noma. Na ji haushinsa ƙwarai a kwanakin nan.

Ana gobe mota za ta zo, gari ya fara wayewa, kakata ta taɓa ni. Na leƙa tsakar gida, sai ga jaki da akumari, ga mahaifina tsaye da sanda, ya ƙara ɗaure ƙafarsa da tsumma.

"Inna, ce ma yaron ga shi hau," in ji shi.

"Kai ka kai shi? Da wace ƙafa?"

"Guda ta isa."

Muka kama hanya, ni a kan jaki na miƙe ƙafa a wuyansa, shi a gaba da akwatina a ka. Rana ta take muka iso wata fadama da ruwa ya cika, ya kai cinya, ƙasansa laka. Jakin ya tirje a tsakiya. Mahaifina ya ja, ya koma baya ya tura, ƙafarsa ta zame, ya durƙusa cikin ruwan har ƙirji, hannu ɗaya riƙe da akwatin a sama. Na ji ya ce "wash", sau ɗaya. Sai na hango wani ɗan guntun kara da farin zare a jikinsa, ruwa yana tafiya da shi. Na yi maza na taɓa idon sawuna. Nawa yana nan. Na ce alhamdu lillahi, hankalina ya koma kan mota.

A ƙetare ya juya mini baya, ya sake ɗaure tsummansa, muka ci gaba. Tafiyarsa ta ragu, na ɗauka gajiya ce. Muka kwana a zauren wani masaninsa a Tambuwal. Da safe ya miƙa akwatina sama, ya dubi yaron mota ya ce, "A lura da ƙafatai." Da motar ta tashi na hange shi yana hawa jakin. Ban taɓa ganinsa a kan jakin nan ba sai ranar.

Malamin asibitin makaranta ne ya ƙarasa fitar da nawa. Na yi jarrabawa, na kuma ci.

Bayan girbi na dawo gida da labarina a baki, na ƙagu in faɗa. Kakata ta tare ni a ƙofa, ba ta yi mini wasan ango ba. Ta ce jaki ne ya kawo mahaifina gida ranar, bai san inda yake ba. Ƙafar ta kumbura har cinya, wanzami ya yi masa sakiya da ƙarfe mai wuta, ya kwanta har aka yanke gero. Ya tashi, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa.

A masallaci na gan shi da la'asar, can ƙarshen sahu, ya miƙe ƙafar gefe guda don ba ta naɗuwa a zaman tahiya. Haka ya yi salla sauran shekarunsa. Bai taɓa tayar da maganar fadamar nan ba, ni ma kunya ba ta bar ni na tayar ba. Abin da na iya kawai, duk lokacin da nake gida, nakan riga kowa zuwa ƙarshen sahu in tsaya ta wajen ƙafar, don kada wani ya taka masa ita.