Kofi Goma

A wani gidan kallon ƙwallo na Tudun Wada, ita kaɗai ce mace, tana bencin gaba. Hijabinta ya koɗe, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Duk sanda 'yar Falkons, ƙungiyar matan Najeriya, ta ja ƙwallo, ƙafar matar nan ta dama sai ta motsa. Wannan ta taɓa bugawa, ko ma me ya raba ta da fili.

Wani mai tumbi ya daka wa mai gidan tsawa: "Junaidu, canza tasha mu ga ƙwallon gaske!"

Ta ɗauke rimot, ta tura cikin hijabi.

"Alhaji, kofin Afirka goma matan nan suka ɗauko. Mazanku uku. Zauna ka koya."

Wa zai sa hannu cikin hijabin matar mutane? Alhaji ya zauna.