Labaran Mai Gem da Batirin da Ke Riƙe da Sunan Nura

Kullum da misalin takwas saura, Malam Labaran yakan sauka daga a-daidaita a bakin titin Kurmin Mashi, ya tsallaka kwata a hankali, ya tsaya gaban wani ɗan shago mai koren ƙyaure da ke matse tsakanin mai facin taya da mai sayar da katin waya. Daga Rafin Guza yake fitowa. A da da kekensa yake zuwa, amma tun ranar da ya yi karo da baron mai lemo da rana tsaka, matarsa Harira ta sa aka rataye keken a zaure, ta ce in ya isa ya sauke. Ramin kwaɗon ƙofar shagon ma yanzu sai ya lalube shi da yatsa. In ya buɗe ya yi shara, sai ya jawo teburinsa waje inda rana ke bugawa, domin hasken cikin shagon ya daina isarsa.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan zirga-zirgar, kuma ƙarshen watan nan zai mayar wa mai shago makullinsa. Yanar ido ta rufe masa na hagu, ta fara leƙa na dama, hannun da ya ci abinci da shi kuma ya soma rawa. Ba wanda zai shirya masa walima, ba takardar yabo. Shi ya sa ya dace a faɗi wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Gyaran rediyo ya koya, amma 'yan gem ne suka raɗa masa suna. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kaduna shekaru talatin baya ya san gem, akwatin wasan nan da ake cusa wa kaset ta sama, a zare wayar eriya daga bayan talabijin a soka tasa, a yi ta murɗa tasha har hoto ya tsaya. Yara goma a kan kafet, abin dannawa biyu kacal, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba, wanda ya ƙi miƙawa a sha kokawa. 'Ya'yan ma'aikata na Unguwar Rimi su ne masu akwatin, sauran kuwa abota ce jarinsu, wasu ma ta taga suke kallo har ƙafa ta yi tsami. Ranar da akwatin ya ƙi kawo hoto, unguwa kan yi tsit kamar an yi rasuwa.

Kuma kowane yaro na lokacin likita ne mai magani ɗaya: a zare kaset, a busa masa iska da baki, a mayar. In ya ƙi, a ƙara busawa da ƙarfi. Malam Labaran ya yi shekaru yana yaƙi da wannan ɗabi'a bai ci nasara ba. Yakan buɗe kaset ya nuna wa mai shi tsatsar da ta ci haƙoransa, ya ce, "Kai, iska kake ba shi ko miyau? Dubi abin da bakinka ya yi." Sai ya goge da auduga da sifirit, ya miƙa, yaron ya yi godiya, ya sha kwana ya sake busawa.

Lawan, wanda yanzu malamin lissafi ne a wata sakandare, har gobe yana ba da nasa labarin. Mahaifinsa ya dawo daga kwas a ƙasar waje da sabon gem, ya ce kada wanda ya taɓa sai ya sayo ƙaramar taransifoma, domin wutar can ba ta kai tamu ƙarfi ba. Alhaji na fita ofis, Lawan ya soka a bango. Ƙara ɗaya, sai hayaƙi da ƙauri. Ya naɗe akwatin a zanen mahaifiyarsa, ya zo Kurmin Mashi a guje yana kuka da majina. Kafin La'asar Malam Labaran ya tada shi. Sai dai da yaron ya roƙe shi ya rufa masa asiri, ya ce a'a. Ya rufe shago, ya kama hannunsa har ƙofar gidansu, ya jira Alhaji ya dawo, ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, da roƙo na zo kafin ka ji labari." Lawan bai sha bulala ba ranar, bai kuma koyi ƙarya ba.

Kai ne wannan, Labaran na Harira. Kai ne kake riƙe gem ɗin da ka gama gyarawa tun Talata, ka ce sai Asabar, don ka san mai shi yana da jarrabawa. Kai ne ba ka taɓa ce wa yaro abin da ya kawo shirme ne ba.

Amma aikin da ya hana shi sukuni bai zo ba sai makonni uku da suka wuce. Wata mata ce ta sauko daga mota da jaka a rungume. Bai gane fuskarta ba sai da ta yi magana. Ummukulthum ce, ma'aikaciyar gwamnati yanzu, wadda ya sani tun tana biyo yayanta Nuraddeen shagon tana riƙe masa leda. Nura ya rasu yana ɗan shekara goma sha bakwai, zazzaɓin kwana uku. Ya bar wani kaset na wasan doguwar tafiya, irin wanda ke ajiye sunan mai wasa da inda ya tsaya. Ya rubuta NURA, a ƙasa ya rubuta UMMU, saboda ta yi ta kuka sai an sa nata. Ya kai ƙofar ƙarshe ta wasan ya ajiye, ya ce sai bayan jarrabawa. Tun daga nan, sau ɗaya a shekara takan jona akwatin, ta kalli sunayen biyu, ta kashe.

Wayar akwatin ce ta tsinke, ita ta kawo gyara. Shi kuwa bisa al'ada ya buɗe kaset ɗin ya ɗora masa mita. Allurar ta ɗan motsa da ƙyar.

"'Yata, kin ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo?" in ji shi. "Shi ke riƙe da sunan. Ya wuce wa'adinsa da daɗewa. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi na ƙiftawar ido, sunan ya tafi, kuma ba ya dawowa."

"To a canza shi mana, Baba."

"Ana canzawa. Amma ba da wannan hannun ba." Ya ɗaga hannun ta ga yadda yake kaɗawa. "Je ki wurin samarin nan masu gyaran waya, idonsu garau ne."

Ta je. Na farko ya yi dariya, ya ce ta kawo wayarta ya zuba mata gem dubu. Na biyu ya ɗauko filaya zai fizge batirin, ta warce kaset ɗin daga hannunsa. Kwana biyu sai ga ta ta dawo.

Hanyar da ya sani ɗaya ce. A liƙa wayoyi biyu sirara daga wani batirin aro zuwa cikin kaset, su riƙe wutar, sannan a cire tsohon a dasa sabo. Kamar ɗauko garwashi ne daga murhun maƙwabta, in ya mutu a hanya an yi zuwan banza. Ya ce ta ba shi mako guda. Ya tattaro matattun kaset ya yi ta gwadawa, cikin gwaji biyar waya ta goce masa sau uku. Harira ta ce a makon nan tuwo sai dai ya jagwalgwala ya ture. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada aikinsa na ƙarshe ya zama shi ne ya goge sunan yaron da ya sani.

Da ta dawo bai ɓoye mata ba, ya faɗa mata sau nawa ya kuskure. Ta ce, "Baba, in ya tafi a hannunka zan iya haƙura. In ya tafi a cikin akwati ina zaune ina kallo, ba zan yafe wa kaina ba."

Ranar Asabar da hantsi suka zauna. Babu wuta, don haka ya kunna risho ya ɗora ƙarfen narka dalma a kai, yadda ya koya tun farko. Mai faci ya kashe injinsa ba tare da an roƙe shi ba, don kada tebur ya girgiza. Malam Labaran ya yi bismillah. Waya ta farko ta kama lafiya. Da ya zo ta biyu, sai hannun ya tashi da rawarsa. Ɗigon dalma na lilo a bakin ƙarfen, a ƙasansa kuma layuka ne sirara kamar gashi, in ya ɗiga ya haɗe biyu an gama. Zufa ta gangaro ta shiga idon da ya rage masa.

"Riƙe mini nan," ya ce, ya nuna wuyan hannunsa. Ta riƙe da hannu biyu. "Ke ce idona yau. Jar wayar tana kan farin ɗigon, ko ta goce?"

"Ta ɗan goce, Baba. Yi hagu kaɗan. Kaɗan kuma. Tsaya, tana kai."

Ya sauke ƙarfen, dalma ta kwanta. Ya ɗaga tsohon batirin ya ajiye gefe, kuma na tsawon minti guda sunan Nura na rataye a jikin wayoyi biyu da ko tari zai iya tsinkawa. Ya dasa sabon, ya liƙe ƙafa ɗaya, ya sake dumama ƙarfe, ya liƙe ɗayar, ya zare wayoyin aro.

Mai katin waya ya tada janaretonsa, aka jawo waya zuwa tsohuwar talabijin ɗin shagon. Aka cusa kaset, aka kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ummukulthum ta dafe ƙirji. Malam Labaran ya kashe, ya danna kaset ɗin ya zauna sosai, ya sake kunnawa. Sai ga ɗan kiɗan nan siriri ya tashi.

"Me ya fito?" ya tambaya, domin shi haske kawai yake gani.

Ta kasa karantawa sai da ta share ido da gefen mayafi. "Nura," ta ce. "Da ni a ƙasansa."

Ya jingina da bango, ya yi hamdala. Da ta natsu ta tambaye shi wannan sabon zai kai yaushe.

"Shekara ashirin, in da rabo," in ji shi. "Sai ki fara neman mai canza shi tun yanzu, 'yata. Ni dai nawa ya ƙare."

Mun gode, Malam Labaran. Kai ne ka ɗauki wasan yara da muhimmancin da likita ke ɗaukar majinyaci, ka faɗi gaskiyar rauninka a lokacin da ƙarya za ta fi sauƙi, ka kuma nemi a riƙe maka hannu ba ka ji kunya ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya saka maka da alheri a madadin duk yaran da suka zama iyaye yanzu.

Ku kuma samari masu ido garau da hannu tsayayye, ku yi koyi da shi, ku tambayi mai kaya abin da ke cikin kayansa kafin ku ɗauko filaya. Ya ce duk mai son koyo ya same shi a zaurensa na Rafin Guza, zai faɗa da baki in hannu ya gaza. Har zuwa yau ba wanda ya je, batirin Nura kuwa ya fara cin kwanakinsa tun ranar Asabar ɗin nan.