Fuskar Baba a Bagdadiyya

Baba maƙeri ne, Bagobiri, ya tsufa a ƙasar Larabawa, a wata maƙera ta unguwar Kurayyat, yana yin ƙofofi da tagogi. Wata rana kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake aiki a ƙarƙashinsa, ya kawo masa hoto: hular ƙarfe irin ta mahayan dawakin sojan Rum na dā, haɗe da fuskar tagulla, idanu ramuka biyu, baki a ɗan buɗe. Wai masu ofisoshi suna son irinta don ado.

Ran Baba bai so ƙera surar mutum ba, amma wanda iƙamarsa, takardar izinin zama, ke hannun wani ba ya cewa a'a. Da ya rasa abin da zai kwaikwaya, sai ya shafa mai a fuskarsa, ya kwanta a tsakar ɗaki, ya sa na lulluɓe ta da jibs, farin kwaɓin nan mai daskarewa ya ɗauki siffa, bututun shan lemo biyu a hancinsa. Ina ta dariya, shi yana gurnani.

Fuskar ta fito tsaf, har da zanen Gobir a kumatu. Ina nan na kai masa abinci kafili ya shigo ya duba.

"Esh haza? Mene ne wannan? Goge wannan tsagar, ka matse hancin. Daga Italiya za a ce ta zo. Yalla."

Baba ya ɗauki magagari, ya zauna yana goge fuskarsa ta tagulla har la'asar.

Bayan nan kafili ya ƙi sabunta masa iƙama, aka mayar da shi gida. Can ya rasu, ban gan shi ba. Hotonsa ko ɗaya ba ni da shi, na takardunsa sun tafi da shi.

Bara na samu aikin shara a wani ofis a unguwar Bagdadiyya. Ranar farko na ga fuskar tagullar nan a kan tebur. Goshin na fara ganewa. Na ɗaga ta, na juya. Ashe ta ciki, inda ba mai dubawa, Baba ya sa kurfin sassaƙa ƙarfe ya mayar da zanensa duka, layi bayan layi.

"Ya hajja, la!" in ji mai ofis. "Ajiye. Asalin ta Italiya ce, ba ta son hannu."

Na ce to, na ajiye. Har yau abin yana ci mini rai. Kullum da safe ni ke share wa ubana ƙura, kuma ba a yarda in taɓa shi ba sai da tsumma.