Malam Sodangi, Wa Zai Riƙe Ɗaya Makullin?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Malam Sodangi ya riga mu isa. Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, Allah Ya karɓi ran Injiniya Sodangi Ummaru Mawashi, shugaban sashen intanet da tsaron kwamfuta na jami'armu, a asibiti a Kankiya. Ya tafi gida ne a ƙarshen mako don ya duba gonar geronsa, zazzaɓi ya kwantar da shi, daga nan sai sa'i. Ni Ɗalha Rimaye, mataimakinsa, ina tsugune a ɗakin manyan na'urori ina fama da wata waya da ɓera ya gwaguya, sai na ga kira da lambarsa. Na ɗauka da niyyar in yi masa tsiya cewa manomi ya manta da ofis, sai na ji muryar ƙanensa Lawal yana cewa, "Yaya Ɗalha, sai haƙuri, Yaya ya cika."

Malam, mun zo maka. Mun ratsa Kankiya, mun bi ta Kusada, mun iske hanyar Mawashi jagab da ruwa, gero ya fitar da kai ko'ina, har da naka da ba za ka girbe ba. Bayan an rufe ka, wani dattijo ya riƙo hannuna ya ce, "Yaro, wai mi yake yi maku can makarantar? Mu dai an ce mana injiniya ne." Sai na ce, "Baba, gadi yake yi, sai dai ƙofofin da yake tsaro suna cikin kwamfuta." Ya jinjina kai ya ce lallai an sami mai gadi, don tun kana ƙarami ba a ba ka ajiya ta yi ciwon kai.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: kana da naci, Malam, naci mai gajiyarwa. Duk jami'ar nan babu wanda ba ka takura wa a kan kalmar sirri ba. Ka hana mutane sa sunan 'ya'yansu, ka hana shekarar haihuwa, ka hana sunan garinsu. Akwai wani farfesa dattijo da ya gaji da kai, ya rubuta tasa a takarda ya manna a goshin kwamfutarsa. Da ka shiga ofishinsa ka gani, ba ka yi faɗa ba, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ashe ka kulle gida ka rataye mabuɗin bisa ƙofa." Dattijon ya yi dariya har da hawaye. Ka zauna da shi kuka ƙirƙiro wadda zai iya riƙewa a ka, kuma jiya da ya zo yi mana gaisuwa ya ce mini har yau ita yake amfani da ita.

Shekarar da 'yan damfara suka watso saƙon tallafin karatu na bogi, suna neman ɗalibai su saka lambobinsu da kalmomin sirrinsu, ka ce aika gargaɗi ta imel aikin banza ne, yaran nan ba karantawa suke yi ba. Ka bi masallatai bayan sallar azahar, ka bi ɗakunan karatu, ka tsaya har wurin masu sayar da awara kana shela kamar sanƙira. Muna yi maka dariya a ofis, muna cewa injiniya guda ya koma mai shelar ƙauye. Amma ɗalibai da yawa, musamman 'yan ƙauyukanmu na Dudunni da Rimaye da ba su daɗe da fara riƙe babbar waya ba, shelar nan ce ta tsare su.

Kai ne kuma ka dage sai da aka ja intanet har gindin bishiyar bedin da ke gaban ɗakunan kwanan mata, don kada yarinya ta riƙa ratsa daji zuwa laburare saboda kawai za ta tura aikin aji. Da tsawa ta ƙone mana na'urori ana tsakiyar rajista, kai ka kwaso na'urorin gidanka ka haɗa, aka ci gaba da aiki kafin hukuma ta motsa. Allah sarki! Ban taɓa jin ka ambaci wannan a gaban kowa ba.

To amma abin da ya hana ni sukuni tun ranar da muka baro Mawashi daban ne, kuma dole in faɗe shi, don na san da kana nan cewa za ka yi in faɗa.

Mutane ba su san irin abin da ke hannun masu aikinmu ba. Wanda ke kula da intanet ɗin jami'a, in ya ga dama, zai iya buɗe saƙonnin kowa, ya ga wa ya rubuta wa wa, daga wace waya, a wane ɗaki. Wannan ikon ya tsorata ka tun farko. Shi ya sa ka tsara cewa ba mai buɗe sirrin mutum shi kaɗai, sai an haɗa makulli biyu, wato kalmar sirri biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurina, kuma sai da izinin hukuma a rubuce. Na tambaye ka ko ba ka yarda da ni ba ne, ka ce, "Ɗalha, ni kaina ne ban yarda da shi ba." Mahaifinka shi ke wankan gawa a unguwarku, kuma kakan ce aikinmu da nasa ɗaya ne: ka ga tsiraicin mutum, ka rufe shi, ka ja bakinka ka yi shiru. Ina nan lokacin da wani ma'aikaci ya zo yana roƙo ka buɗe masa imel ɗin matarsa don yana zarginta. Ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka saurare shi har ya gaji, sannan ka ce ya je gida ya tambaye ta da bakinsa.

Bara ka gina shafin koke, inda ɗalibi zai kai ƙarar duk wanda ya zalunce shi ba tare da sunansa ya fito ba. Ka tsaya a babban ɗakin taro, gaban ɗalibai cike maƙil, ka ce, "Ku rubuta, ba mai sanin ko su wane ne ku. Ni na ɗauki wannan a wuyana." Wasu suka yi ihu, wasu suka yi tsaki, don sun saba jin alkawari. Mu biyu muka san cewa sunan yana nan a can cikin na'ura, tunda sai da lambar ɗalibi ake shiga, kuma makullan nan biyu ne kaɗai suka tsaya tsakaninsa da idon jama'a.

Wata yarinya ta yarda da kai. Ta rubuta cewa wani babban malami ya ce ba za ta ci darasinsa ba sai ta same shi a inda bai kamata ba. Ta faɗi wurin, ta faɗi kalaman da ya yi mata. Hukuma ta kafa kwamitin bincike, kuma har yanzu kwamitin bai gama ba. Ba zan ambaci sunan malamin ba, don ba ni ne alƙali ba. Ita kuwa yarinyar, wallahi ban san ta ba, kai ma ka koma ga Allah ba ka san ta ba.

Mutumin ya yi ta sintiri a ofishinmu. Farko da fara'a ya zo, wai so yake ya san ta don ya ba ta haƙuri a kashe magana. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in haƙuri za ka ba ta, rubuta mu saka mata a shafin, za ta gani." Daga baya ya dawo da zafi, ya tuna maka cewa yana da baki a kwamitin ƙarin girma, kuma an daɗe ana ganin kana ɗaukar kanka kamar jami'ar ta ubanka ce. Ka tashi ka buɗe masa ƙofa da ladabi. Duk lokacin da ya tare ni a hanya kuwa, amsata ba ta da wuya: Malam Sodangi bai yarda ba, ni kuma makullina shi kaɗai ba ya buɗe komai. Sai yanzu na gane yadda inuwarka ta yi mini daɗi.

Ranar addu'ar uku mutumin ya zo Mawashi. Ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannu aka yi fatiha da shi, ya yabe ka a gaban 'yan'uwanka har Lawal yana share hawaye. Da zai tafi ya ce in raka shi mota. A nan, cikin caɓin ƙofar gidanku, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗalha, Allah Ya jiƙan abokinka. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Kai kuwa na san kana da hankali, kana da iyali. Ka leƙo ni ofis in an koma." Muna tsaye sai ga motar ɗalibai ta iso gaisuwa. 'Yan mata suka sauko cikin hijabai za su shiga wurin iyalinka, na ga ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana duban fuskokinsu. Haba! A gidan mutuwa, ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba. Na ji wata irin ƙiyayya da ban san ina da ita ba.

Da muka koma na iske an riga an miƙa makullinka ga wanda aka ba riƙon ƙwaryar sashen. Ba mugun mutum ba ne, amma ban taɓa jin ya ce wa na sama da shi a'a ba. Ke nan saura makullina.

Na je ofishin mutumin, Malam. Ba zan ce na je da ƙarfin zuciya ba, don sai da na kai bakin ƙofa na juya, sannan na sake dawowa. Ni ba kai ba ne. Ina da yara a makaranta, ina da tsohuwa a Rimaye da ke duban hannuna, kuma ina jin tsoro, tsoro ƙwarai. Ya tarbe ni da murmushi, ya sa aka kawo lemo. Na ce masa ba zan sa makullina ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce in shanye lemona, ai ba kowa ke dawwama a kujera ɗaya ba. Tun daga ranar ake raɗe-raɗin za a mayar da ni wani sashen, kuma in hakan ta faru, makullin zai koma hannun da ban sani ba.

Shi ya sa na sa wannan magana a cikin ta'aziyyarka, ko da wasu za su ce ba wurinta ba ne. Ina so hukumar jami'a, da kwamitin bincike, da duk wanda ya taɓa cewa yana ƙaunarka su sani: in sunan yarinyar nan ya fita, daga ɗakinmu ya fita, babu wata hanya. Masu tambayar abin da za a yi don tunawa da kai, wasu na cewa a sa wa gini sunanka, to ga abin yi nan a gabansu. A cika alkawarin da ka yi wa ɗalibai.

Ya Allah, ga bawanKa Sodangi ya zo maKa. Ya rufa asirin bayinKa a lokacin da yake da ikon tonawa, Ka rufa nasa asirin ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Inno, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta, da mai ɗakinsa Malama Jamilatu, da 'ya'yansa Sagir da Salma, da ƙanensa Lawal, da jama'ar Mawashi da Kusada baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa kada su wulaƙanta.

Ta'aziyyata ta ƙarshe gare ki ce, ƙanwata, ke da ban san sunanki ba. Na san kin ji labarin rasuwar, kuma na san abin da ya fara faɗo miki a rai. Ke ma an yi miki mutuwa, kuma ba ki da wanda za ki gaya wa ya yi miki gaisuwa, to ga tawa. Ba ni da ikon yi miki alkawarin abin da zai faru in an ɗauke ni daga wurin nan. Abin da ke hannuna shi zan faɗa miki: muddin makullin nan yana wurina, za mu iya haɗuwa a hanya, ki gaishe ni in amsa, ki wuce ban san ke ce ba. Ki yi wa Malam addu'a, ni kuma ki roƙa mini Allah Ya tsayar da ƙafata. Amin.