Telan da Ya Rage da Amin

Shekara talatin Tela yana ɗinki a shagon da ke jikin gidansa, kuma duk Lahadi da yamma sai ya zaga marasa lafiya na cocinsu. Mutumin kirki ne, amma kai, akwai baki! In ya kama addu'a, majinyaci sai ya yi barci ya farka, shi bai kai rabi ba. Matarsa takan ce, "Maigida, Allah fa ba kurma ba ne."

Kwatsam sai ga shanyewar ɓarin jiki. Rana ɗaya ciwon ya tafi da hannun dama, da ƙafa, da magana, ya bar masa kalma guda: amin. Yana son ruwa, amin. Fitsari ya matse shi, amin. Ran da matar ta ɓarar da maganinsa ta ce, "Wayyo, na shiga uku," ya ce amin. Ta yi dariya har da hawaye, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Waɗanda ya saba dubawa suka koma duba shi. Su zauna su zazzage damuwarsu, su yi addu'a da bakinsu, ya amsa. A nan ya gane ashe bai taɓa sauraron kowa ba.

Amma nauyin duk a kan matar yake. Ita ke juya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki. Yara sun yi nisa, sai waya. Yana ganin ƙafafunta suna kumbura, yana jin hakinta in ta ɗaga shi. Yana so ya ce sannu, ya ce ki huta, babu hali. Abin yana cin ransa.

Wata rana da azahar ta dawo daga asibiti, ta durƙusa a bakin gado, ta riƙe hannunsa mai lafiya.

"Ya Yesu, ka ji abin da likita ya ce kan zuciyata. Ban roƙi tsawon rai ba. Kada dai ka ɗauke ni ka bar shi. Wa zai bambanta amin ɗin ƙishirwa da na ciwo? Ka fara da shi."

Ta toshe baki, ta tsorata da abin da ta faɗa.

Tela ya dube ta. Da ya so, da ya yi shiru, wannan kam yana iyawa. Ya matse hannunta, ya tattara ɗan ƙarfinsa, ya ce amin.